Daga Legas Zuwa Axim a Motar Haya: Littafin Tafiyata ta Bakin Teku

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 2025. Agege, Legas

Jiya da daddare na iso daga Zariya, na sauka wajen kawuna a Agege. Gobe in Allah ya kai mu zan fara abin da na shekara biyu ina tara wa kuɗi: in bi bakin teku daga nan har Axim a yammacin Gana, gari bayan gari, a motar haya irin wadda kowa ke shiga. Na gindaya wa kaina sharuɗɗa uku. Ba shata. Ba doguwar mota mai sanyi da ke kwasar mutum a Legas ta dire shi Ankara, babban birnin Gana, bai san ta inda ya bi ba. Kuma abin da na fito da shi daga gida shi ke nan, ba za a ƙaro mini ba. Na kasa kuɗin kashi biyar a ambulan: kowace ƙasa da nata, na biyar kuwa kuɗin komawa gida ne, ba zan taɓa shi ba ko da yunwa.

Kakana bafatake ne, goro yake ɗaukowa daga Kumasi. Yakan ce wanda ke jin Hausa ba ya kwana a waje daga Zariya har bakin ruwa, domin kowane gari da zangonsa. Ina yaro na ji wannan magana, yanzu ina so in ga abin da ya rage daga cikinta.

Takarduna biyu ne, fasfo da katin rigakafin shawara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ni damar zama kwana 90 a kowace daga cikin ƙasashen nan ba biza. Kawu ya duba jakata ya ce in rage kaya, don a tasha nauyin jaka ake kallo kafin a kalli fuskar mai ita. Na bar takalmi ɗaya da riguna biyu.

Litinin, 10 ga Nuwamba. Badagry

Na shiga mota a Mile 2 bayan sallar asuba. Tafiyar ba ta da nisa amma ta cinye safiyar, saboda cunkoso da shingaye. Wanda ke kusa da ni ya ce in saba, wanda bai biya da kuɗi ba da lokacinsa zai biya.

Na ga benen da aka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, na kuma shiga ɗakunan da Seriki Williams Abass ke tsare bayi, mutumin da shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya koma sana'ar. Daga nan kwale-kwale ya ƙetare da mu zuwa tsibirin Gberefu. Da na jira aka cika shi na biya kason mutum ɗaya, waɗanda suka ƙi jira sun biya na jirgin duka.

Aka taka cikin rairayi da itatuwan kwakwa, sai na fara jin ƙara tun ban ga komai ba, kamar ana jan buhuna a kan siminti. Da muka hau ɗan tudu sai ga shi. Ban taɓa tsayuwa gaban ruwan da ba shi da ƙetare ba. Na cire takalmi na shiga har idon sawu, igiyar ruwa ta zo ta koma, ta janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafata har na ji ina nitsewa a tsaye. Na ɗebo da tafin hannu na ɗanɗana. Gishirin ya fi yadda na zata nesa ba kusa ba. Na daɗe a wurin ban ce komai ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba. Kwatano

Jiya na ƙetare Seme da ƙafa. Ginin da Najeriya da Benin ke aiki tare a cikinsa tun 2018 na bi, sannan na nemi mota a ɗaya ɓangaren. Wannan ya fi arha a kan motar da ke ƙetarewa da fasinja, don direbanta kuɗin hanyar da zai raba yake ɗorawa a kanka.

'Yan canjin kan iyaka kusan dukkansu Hausa suke yi. Na tambayi uku kafin na canza, kuma kaɗan na canza, iya na mota da abinci, sauran sai a cikin gari inda farashin ya fi daɗi. Sefa ba ta rawa kamar naira, domin a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Da na ga ɗan abin da aka miƙo mini a madadin damin nairar da na bayar, jikina ya yi sanyi.

Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓarsu mai rawayar riga, ya kai ni unguwar Zongo. Kafin in gama sauke jaka na ji ana cinikin tabarma da Hausa, na ji ƙamshin tsire. Na zauna wajen wani mai shayi, mutumin Tawa. Da na gama na ce nawa ne, ya ce, “Dala arba'in, Malam.” Na tsaya ina kallonsa. Ya yi murmushi ya ce, “Kai mutumin Najeriya ne, yau ka zo.” Ya ɗauko kwabbai ya jera a kan tebur ya koya mini: dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin ɗari ke nan, dala arba'in ɗari biyu, dubu kuwa jika ake ce mata. Duk abin da aka faɗa da dala in ninka sau biyar. Wannan darasin ya fi mini duk wani abu amfani a kwana biyun nan, don da lissafin nan ake ciniki da Hausa duk inda sefa ke yawo.

Shi ya haɗa ni da mai masauki, ɗaki mai fanka, banɗaki na haɗaka. Da daddare hira ta koma kan iyakar Malanville da Gaya, wadda ke rufe tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Kwatano ita ce ƙofar teku ta Nijar shekara da shekaru, to yanzu kaya da yawa ta Lome da Burkina suke zagayawa. Wani dattijon direba ya ce motarsa ta fi kwana a ajiye fiye da kan hanya, mutane kuwa sai dai su ƙetare kogin Kwara a kwale-kwale. Ba siyasa yake yi ba, kuɗin makarantar yara yake lissafawa.

Yau na zaga kasuwar Dantokpa har ƙafata ta gaji. Ban sayi komai ba sai ruwa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba. Wida

Kilomita 40 ne ko kusa da haka daga Kwatano. Ƙaramar mota ce, huɗu a baya, biyu a kujerar gaba. A hanya direba ya tsaya ya sha mai a kwalba, irin wanda ake shigowa da shi daga wajenmu, suna ce masa kpayo. Ya ce tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023 su ma suka ji a jikinsu.

Daga tsakiyar gari zuwa gaɓa kilomita huɗu ne, hanyar da ake kora bayi zuwa jirgi. 'Yan zemijan sun yi ta bina, na ce da ƙafa zan je. Da farko don tsimi na faɗa, amma kafin in kai rabi na gane hanyar ba ta hawa babur ba ce. Rana na dukan ƙeya, ruwan fadama a dama da hagu, ni da gorar ruwa a hannu da takalmi a ƙafa. Su ba su da ko ɗaya.

A ƙarshenta akwai ƙofar tunawa da bayi da aka gina a 1995, an zana mutane a jere ɗaure suna fuskantar teku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu a Arewa muna ɗaukar wannan tarihi kamar na wasu ne. Alhali a farkon ƙarni na 19 an loda Hausawa da yawa daga tashoshin gaɓar nan zuwa Bahia a Brazil, har a 1807 hukumar can ta gano shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla, kuma a tawayen 1835 Musulmi ne a gaba, aka sami rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Cikin waɗanda aka sayar akwai namu, cikin waɗanda suka sayar ma akwai namu. A makaranta ba a faɗa mini ko ɗaya ba, ni ma da nake koyarwa ban taɓa faɗa wa ɗalibaina ba. Na sami inuwa na yi azahar da la'asar a haɗe, na yi musu addu'a.

Asabar, 15 ga Nuwamba. Lome

Jiya da safe na bi ta Grand-Popo na ƙetare a Hillacondji. Da shiga Togo aka ce in mai da agogo baya da awa ɗaya. Gaɓar ƙasar gaba ɗaya ba ta kai kilomita 60 ba. Muka wuce Aneho, wadda ita ce hedikwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897, muka wuce doguwar gadar da ake lodin fosfat a Kpeme, sai ga mu a birni kafin Juma'a.

A nan na yi kuskuren lissafi. Na ce a kai ni zango, ashe tsohon zangon da ke tsakiyar gari an tashe shi tun 1977, aka mai da mutane can arewacin birni wajen Agoe. Ɗaki ya yi arha, amma abin da na kashe a kan babur zuwa bakin teku da dawowa ya cinye rangwamen har da ƙari. Duk da haka ban yi nadama ba, na ci tuwo da miyar kuka a karon farko tun Agege.

Da magariba jiragen ruwa sun yi layi a can nesa suna jiran shiga tasha, fitilunsu kamar wani gari a kan ruwa.

Litinin, 17 ga Nuwamba. Keta

Iyakar Aflao a cikin Lome take, titi ya ƙare sai ƙofa. Yanzu na ƙetare iyaka uku, don haka zan rubuta abin da na riƙe a ciki. A ɗaya daga cikinsu, wani mai kaki ya juya fasfona ya ce sabo ne, bai taɓa shan hatimi ba, sai na biya. Na ce, “Yallaɓai, a ba ni rasit.” Ya ajiye fasfon a gefe ya kira na bayana. Na tsaya kusan awa ɗaya. A cikin awar nan na ga mata masu tallan kaya a ka suna miƙa kuɗi ba tambaya, don in suka tsaya gardama kasuwar ranar ta wuce su. Daga baya ya buga ya turo mini ba tare da ya ɗago kai ba. Ni ina da awar da zan ɓatar. Su ba su da ita, kuma kullum suke bin wurin. Abin ya dame ni har yanzu.

Daga Aflao yawancin matafiya kai tsaye suke wucewa Ankara. Ni na sauka a Denu na shiga trotro, ƙaramar bas ɗinsu, na bi siririyar ƙasar da ke tsakanin teku da tafkin Keta. Akwai wuraren da in ka leƙa taga ta hagu ruwa, ta dama ruwa. Yaron mota, da suke kira met, yana riƙe da takardun sidi, kuɗin Gana, a naɗe tsakanin yatsu, yana bin fasinja kujera-kujera, bai manta canjin kowa ba.

Ganuwar Prinzenstein, wadda mutanen Danmak suka gina a 1784, rabinta teku ya cinye. Ɗakuna sun tsaya a buɗe suna kallon ruwa. Wani tsoho mai gyaran taru ya nuna mini da hannu can cikin igiyar ruwa ya ce a nan titi yake da shaguna lokacin yana saurayi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne madatsar Akosombo da aka gama a 1965: rairayin da kogin Volta ke kawowa gaɓa yanzu a bayan madatsar yake kwanciya, teku kuwa bai daina ɗiba ba. An jibge manyan duwatsu a farkon shekarun 2000 don kare garin, sun taimaka a nan, amma ƙauyukan da ke gaba har yanzu ruwa na shiga musu ɗaki. Na san zaizayar ƙasa a gida, na san hamada na cin gona. Ban taɓa tunanin ruwa ma haka yake korar mutum daga gidan ubansa ba.

A Keta ban sami mai jin Hausa sosai ba sai mahauci ɗaya a kasuwa. Shi ya nuna mini alƙibla da masauki.

Juma'a, 21 ga Nuwamba. Ankara

Na shigo ranar Laraba ta gadar Sogakope da Tema, na sauka a Tudu. Ankara ta fi duk inda na bi tsadar ɗaki. Abinci kuwa da sauƙi in ka ci inda ma'aikata ke ci: koko da ƙosai da safe, wanda su kansu Hausa koko suke ce masa, da rana waakye, shinkafa da wake ke nan da aka dafa da karan dafi, sunan ma daga wake ya fito.

A unguwar Nima Hausa ce harshen titi, ko da mai yinta Bagobiri ne ko Badagombe ko Bazabarme. Tasu ta bambanta da tamu, mace ma “ya zo” ake ce mata. Ranar farko kunnena ya yi ta tuntuɓe, yau har na daina lura. Na je Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, na kuma yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin irin na Turkiyya.

Ga abin da nake so in rubuta da kyau. Daren da na iso, bayan isha'i, wani dattijo ya ga jakata ya tambaye ni daga ina. Da na ce Zariya sai ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, ba za ka kwana a otal ba ina raye.” Ya kai ni ɗakin zaure, jikansa ya koma wajen abokinsa don in sami katifa. Da safe aka kawo koko. Maganar kakana ta tabbata, na ji daɗi har na kusa hawaye.

Amma a dare na biyu na ga yadda gidan yake: mutum fiye da goma, ɗakuna uku, ruwa saye ake yi a jarka. Ni kuwa ina da albashi, yawon buɗe ido na fito. Zango an kafa shi ne don fatake da almajirai da wanda hanya ta yanke wa, kuma bafatake ba ya zuwa hannu rabbana, yana sauka da kaya mai masauki ya ci la'ada. In na ce tafiyata ta yi arha alhali aljihun wannan dattijo ne ya biya, ban yi gaskiya a lissafina ba. Baƙunci kwana uku ne a sunna, ni na tsaya a biyu. Na sayo ƙwaryar goro da sukari da sabulu na kai wa Hajiya, na ce, “Baba, a yi mini izini, hanya na jira.” Ya yi faɗa kaɗan, sannan ya sa mini albarka. Na rubuta kuɗin tsarabar a layin masauki, don can ne wurinsa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba. Cape Coast

Daga tashar Kaneshie, kusan kilomita 150. Fita ta Kasoa kaɗai ta ci awa biyu. A Mankessim direba ya ga mun rage mu huɗu sai ya juye mu a wata mota, muka sake jiran ta cika. Na sami ɗaki kusa da kasuwar Kotokuraba, masallaci na kusa. Na gaji, sai gobe.

Talata, 25 ga Nuwamba. Elmina

Da gangan na zaɓi Talata, ranar da masunta ba sa fita teku a wannan gaɓa. Saboda haka jiragen duk suna gida. Daga kan gadar da ke bakin tafkin Benya na ga kwale-kwale sun cushe har ba a ganin ruwa, kowanne da tutoci da fenti da rubutu a jikinsa. Gindin kowane jirgi itace ɗaya ne aka fafe, sannan aka ɗora katako a gefe. Maza sun baje taru a ƙasa, an saƙale shi a babban yatsan ƙafa, hannu na ɗinki da wata allurar roba, baki na hira. A baya mata na jera kifi a kan ragar waya bisa murhun laka, hayaƙin na shiga ido da tufafi. Na sayi ƙyafaffen kifi da dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da barkono. Abincin da ya fi kowanne arha da daɗi tun da na fito.

Wani matashi ɗan zango da ke sayar musu da ƙanƙara ya yi mini tafinta. Kukansu ɗaya ne: manyan jiragen kamun kifi na kwashe har 'ya'yan kifi, su kuma sai su ƙona mai su yi nisa su dawo da abin da bai biya man ba.

Kuɗin shiga ganuwar Elmina, inda aka riƙa tsare bayi, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ya kai abincina na kwana biyu, na biya ban yi ciniki da zuciyata ba. Mutanen Fotugal suka gina ta a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. A ɗakin da ake tara bayi mata har yau akwai wani wari da bai fita ba, sama da shi kuma ɗakin gwamna ne mai tagogi da iska. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi sai na karkata kafaɗa kafin na leƙa. Mai yi mana bayani ya ambaci Salaga cikin kasuwannin da ake kawo bayi daga can. Salaga ita ce kasuwar goron Gwanja da na taso ina jin sunanta a waƙoƙin fatake. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba sai yau.

Alhamis, 27 ga Nuwamba. Takoradi

Garin tashar jirgin ruwa ne tun 1928, kuma tun da aka fara haƙo mai a tekun yankin ɗaki ya yi tsada. Kwana ɗaya zan yi.

Na zazzage ambulan a kan gado na ƙirga. Na Najeriya da na Togo sun ƙare daidai. Na Benin ya yi saura kaɗan, na canza shi zuwa sidi, na yi asara a canjin karo na biyu. Na Gana saura kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da littafin ya nuna: kuɗin mota tsakanin gari da gari bai kai na masauki ba, kuma abin da ya zurare a canji da ƙananan hawa babur a cikin gari ya kusa kamo kuɗin motar duka. Na komawa gida yana nan ban taɓa ba.

Saboda haka na soke zuwa Nzulezo, ƙauyen da ke kan ruwa, don kuɗin jirgin zai hana ni kwana biyu a Axim. Dixcove ma sai wani karon. Gobe zan bi ta Agona Nkwanta kai tsaye, ina so in ga ganuwar Santo Antonio ta 1515 in kuma yi Juma'a a can.

Ladanin masallacin da na yi isha'i ya ce akwai ƙaninsa mai sayar da nama a Axim, ya kira shi a gabana ya ce ga baƙo nan tafe. Na roƙe shi ya ƙara da cewa ɗakin haya nake nema, zan biya. Rigunan da na wanke tun rana har yanzu da danshi, iskar nan ba ta busar da kaya, zan sa su a leda haka nan. An ce motar farko tana cika ne da an idar da asuba.